Ciwon ƙoda, raunin jiki da mantuwa: shawarwarin masu jinya

A zaman da masu jinyar iyaye suka yi a Gwammaja, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a ce "tsufa ne" idan mai ciwon ƙoda ya fara mantuwa ko tashi daga tabarma ya gagare shi. Ƙodar da ta yi rauni tana barin datti a jini, tana jawo ƙarancin jini, tsoka ta zube. Hawan jini da suga kuma, jijiyoyin ƙwaƙwalwa ma suna lalatawa.

An ce a rage gishiri da magi, a guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, a riƙa ɗan tattaki ko zuwa masallaci ne.

Shawarar da na fi ba muhimmanci: mutum ɗaya ya riƙe maganin mara lafiyan, ya raka shi wajen likita, ya faɗi mantuwar da bakinsa.