Musayar waƙa a kan Kundun, fim ɗin ƙuruciyar Dalai Lama

Ɗan Majigi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Waƙar yau a kan Kundun ce, fim ɗin da Martin Scorsese ya fitar a 1997. Ya bi rayuwar Dalai Lama na 14, jagoran mabiya Buddha na Tibet, daga 1937 da aka gano shi yana yaro, bisa imaninsu cewa ran Lama na 13 ne ya dawo a jikinsa, zuwa 1959 da ya yi hijira Indiya. Ni dai yabo na kawo. Mai gyara ya shigo da nasa amsa-amon.

Da sunan Allah Mai kowa Mai komai,
Salati ga Manzo nake farawa.

Kundun na kalla ya zauna mini a rai,
Shi ya sa na fito fage ina yabawa.

A Taktser, wani ƙauye a ƙasar Amdo,
Gidan manomi aka yi haihuwa.

Yana shekara biyu baƙi suka sauka,
Babbansu cikin rigar bara yake ɓoyewa.

Suka baje carbi da sanda da 'yar ganga,
Na gaske da jabu, suna gwadawa.

Ya ɗauki na Lama na 13 da ya rasu,
Ya ce nasa ne, ya ƙi bayarwa.

Aka kai shi Lhasa, fadar Potala,
Ɗaki ya fi dubu, duhu na rufewa.

Yaro ƙanƙane a kan doguwar karaga,
Masu furfura na faɗuwa suna gaisuwa.

Roger Deakins ne ya riƙe kyamara,
Ja da ruwan ɗorawa suke haskawa.

Philip Glass ya sa kiɗa mai kai da komo,
Dogon ƙaho kamar kakaki na amsawa.

Sufayen Buddha na zane da yashi mai launi,
Su gama, da hannunsu kuma suke sharewa.

Babu tauraron Amurka ko guda ɗaya,
'Yan gudun hijirar Tibet ne ke fitowa.

Wadda ta fito a uwarsa jikar uwar ce,
Kakarta ta jini take nunawa.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ga tawa da ƙwar huɗu.

Ɗana, na ji yabonka na gamsu,
Hoto da kiɗa lallai akwai su,
Amma talakawa ina ka gan su?
Fim ɗin bai leƙa bukkarsu ba.

Ƙasar noma a wancan zamani,
Tana hannun gidan ibada da mai sukuni,
Manomi na gandu damina da rani,
Bai isa ya bar gonar ubangidansa ba.

Madubin hangen nesa aka ba yaro,
Yana leƙen gari daga kan soro,
Ya hango masu mari suna shan horo,
Kyamara ba ta sauka ta tambaye su ba.

Reting ne riƙon ƙwarya ya fara,
Ya sauka Taktra ya hau kujera,
A 1947 aka gwabza a gidan ibadar Sera,
Sufaye ba su ƙi ɗaukar bindiga ba.

Reting ya mutu a kurkukun Potala,
Rigimar cikin gida ce mai wahala,
Fim ya gifta ta da 'yar jimla,
Bai tsaya ya warware mana ita ba.

Wanda ya san Tibet ta wannan ƙofa,
Zai zaci ƙasa ce ta salama da shimfiɗa ƙafa,
Mutane ne su ma, sun yi faɗa sun yi zufa,
Ba a kyauta musu da aka wanke su tas ba.

Inna Ta Damagaram:

Malam, Allah ya ƙara maka sani,
Ka yi magana da ilimi da adalci.

Amma idon yaro aka ara mana,
Abin da ya sani muka sani a lokaci.

Ɗan shekara huɗu aka raba da ɗakin uwa,
Dare a Potala ya kwana cikin ƙunci.

Ni uwa ce, wurin nan ya taɓa ni,
Kowa na durƙusawa, ba mai jan sa da zumunci.

Masu sharar fada su ne abokan wasansa,
A wurinsu kaɗai ya sami sassauci.

Da mahaifinsa ya rasu an nuna al'adarsu,
Aka kai gawa kan dutse ungulu suka ci.

Na kau da kai, jikina ya yi sanyi,
Amma an ɗauki wurin cikin mutunci.

Dawowar rai a wani jiki ba aƙidata ba ce,
Ina nan daram a kan Musulunci.

Sai dai wanda aka ci ƙasarsa da bakin bindiga,
Ko me yake bauta wa, an yi masa zalunci.

A 1950 sojan Sin suka ci Chamdo,
Ɗan shekara 15 aka ɗora wa shugabanci.

A 1951 aka sa hannu da Sin kan sharuɗɗa 17,
Shi a rediyo ya ji, ya haɗiyi ɗaci.

Mafarkin da ya tsaya tsakiyar gawawwaki,
Jajayen riguna birjik, ba mai numfashi ba mai ceci,

Kyamara na hawa sama gawa na ƙaruwa,
Wannan hoton ya hana ni cin abinci.

Malam, wanda ya sa ni kukan baƙuwar ƙasa,
Ban iya ce masa ya yi ha'inci.

Ɗan Fatake na Kumasi:

Inna na durƙusa, Malam na gaishe ka,
Jikan fatake ne ni, na san zancen hanya.

Akwai labarin da fim ya tsallake,
Shi ya fi tsaya mini a zuciya.

Amdo a lokacin tana hannun Ma Bufang,
Musulmi ne mai soja da dukiya.

Ya hana yaro fita sai an kawo fansa,
Aka kawo, ya ce sai an sake biya.

Fatake Musulmi masu niyyar Makka,
Su suka ranta kuɗin na biyu gaba ɗaya.

Aka yi da su za a mayar musu a gaba,
A 1939 suka shiga ayari aka kama tafiya.

Kusan wata uku kafin a ga Lhasa,
Amanar ɗan kasuwa ce ta buɗe hanya.

A Lhasa ma akwai Musulmi da masallaci,
Tun zamanin Lama na 5 suke zaune lafiya.

Ko hularsu ban hango a kasuwar fim ba,
An nuna Tibet kamar launinta ɗaya.

Sai harshe, Inna, kowa da Turanci yake magana,
Manomin Amdo, sufi, har masu riƙon ƙwarya.

Mutanen da ke kukan ana danne harshensu,
A raba su da shi a fim ɗinsu, ya yi mini wuya.

Duwatsun Maroko da aka ɗauka na yi uzuri,
Tunda ba a sami izini ba a Indiya.

Harshen ne ban sami uzurinsa ba,
Ga masu shi tsaye, me ya hana a ji su da murya?

Auta Ɗalibar Fim:

Baba Malam, Inna, yayyena, a yi mini izini in bi amsa-amon Yaya Ɗan Majigi.

Ni ta fannin aiki zan ɗan sa baki,
Tafiyar fim ɗin akwai ta da nawa.

'Yan wasa huɗu suka fito a Lama,
Ƙananan sun fi babban burgewa.

Ba gwanayen wasa ba ne, ga baƙon harshe,
Magana na fita kamar ana karantawa.

Inda aka yi shiru aka bar hoto da kiɗa,
Nan ne Scorsese ke gwanancewa.

Bokan Nechung da ƙatuwar hula yana huci,
Ba fassara, amma tsoron na isowa.

Yaya na Kumasi, ka nemi aikin Pema Tseden,
Ɗan Amdo ne, da harshensu yake shiryawa.

Makiyayi da tumakinsa ya sa a gaba,
A 2023 ya rasu, aikinsa na nan ana kallawa.

Ɗan Majigi:

Yaya na Kumasi, na karɓi zancenka,
Fataken Makka sun isa fim su kaɗai, gaskiya.

Amma ku dubi wuyar da aikin ya sha,
Tun ana ɗauka Sin ta ɗaga murya.

Ta ja kunnen Disney mai kuɗin aikin,
Cewa kasuwarta za ta toshe hanya.

Ranar Kirsimeti ta 1997 aka sake shi,
A 'yan gidajen silima, ba wata hayaniya.

Dala miliyan 28 aka kashe a kansa,
Bai kawo miliyan 6 ba a Amurka gaba ɗaya.

Gida huɗu ya shiga takarar Oscar,
Hoto, kiɗa, sutura, tsarin wuri, bai ci ko ɗaya.

Scorsese da Melissa Mathison da ta rubuta,
Sin ta rufe musu ƙofa gaba da baya.

A 1998 Michael Eisner, shugaban Disney,
Ya ba Zhu Rongji haƙuri, abin kunya.

Ya kira fim ɗin kuskure a gaban Firimiyan Sin,
Da Turancin ma da ƙyar ya isa ga duniya.

Inna Ta Damagaram:

Ɗana na Kumasi, kan harshe na bi ka,
Addu'ar uwa ba ta daɗi da Turanci.

Amma kamfanin da ya ji kunyar aikinsa,
Shi na fi jin haushi, ya sayar da mutunci.

Malamin Tarihi:

Ɗana, zancen Disney ka faɗi daidai,
Kasuwa ta danne fim, haka ne dai,
Ni ma ina so a kalle shi, sai dai,
Tausayi bai hana ni faɗin aibinsa ba.

Lama ya je Bejin a 1954 ya zauna,
Zancen raba arziki ya nuna wa ƙauna,
Mao, shugaban Sin, ya ce addini guba ne, rai ya ƙuna,
Marubuciyar fim ba ta ƙaga wannan ba.

Amma Mao na fim an mai da shi dodo,
Takalmi na sheƙi, gashi ya sha ado,
Mai wayon da ya ci ƙasa ya hau gado,
Da wannan fuskar ba zai yaudari kowa ba.

Mutanen Kham a gabashin Tibet tun 1956 suka tashi,
Jirgi ya zuba wa gidan ibadar Lithang bom da harsashi,
Suka haɗa runduna ƙarƙashin Gompo Tashi,
Fim bai ba su bakin magana ba.

CIA ta kwashi wasu zuwa Amurka,
Ta koya musu yaƙin sunƙuru duka,
Ta jefo su da laima suka sauka,
Da ta shirya da Sin ba ta waiwaye su ba.

Daren 17 ga Maris 1959 ya fita,
Daga fadar Norbulingka kafin a yi mata ruwan wuta,
Da kayan soja, mako biyu ba a huta,
Ba don mayaƙan Kham ba da bai kai Indiya ba.

A bakin iyaka ya waiga ga masu rakiya,
Ya gan su gawa a kan dawaki a zuciya,
Inna, nan kam fim ya faɗi gaskiya,
Da yawansu ba su ga furfura ba.

Fim ya zaɓi mai ƙin zubar da jini,
Ya bar masu bindiga can gefe, ɗan gani,
Alhali su suka tare masa hanya da tsauni,
Wannan rabon bai yi mini daidai ba.

A Mustang ta Nepal ragowar suka fake,
Har 1974 makamansu na riƙe,
Lama ya aiko murya a kaset ya ce a sauke,
Wasu suka kashe kansu, ba su miƙa wuya ba.