Yaushe ake rubuta wa ɗan wasa satar zango a besbol?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske kan rubuta sakamako. Ɗan wasa yana zango na ɗaya, ya ruga ya isa na biyu lafiya ba tare da an buga ƙwallo ba, amma wani lokaci ba a rubuta masa sata. Me ke kawo hakan?

Mai_Alƙalami: Wa alaikumus salam. Doka ta 9.07 ta MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ce ta tsara wannan. Fara duba lokacin da ya tashi. In ya zabura kafin mai jifa ya saki ƙwallo, sata ce, ko da jifan ya kauce ko ƙwallon ta kuɓuce wa mai cafka (wanda ke bayan mai bugu yana karɓar jifan), kuma ba a ɗora wa kowa laifi. Sai fa in ya zarce har zango na uku, ko wani mai gudu daban ya ƙara zango, nan a rubuta sata a kuma rubuta kaucewar. In kuwa sai da ya hangi ƙwallo tana gangarawa a ƙasa sannan ya tashi, babu sata.

Ɗan_Tsakiya: Malam ya faɗi daidai, amma inda aka fi rikicewa shi ne jifan mai cafka zuwa zango na biyu. In jifan ya yi sama ko gefe, mai gudu ya ci satarsa, kuma babu kuskure sai in jifan ya ba shi ko waninsa damar ƙara zango. Amma a ce jifa ya zo daidai, a kan lokaci, ƙwallo ta shiga safar hannun mai tsaron zango ta sulluɓe ta faɗi. To nan babu sata. A rubuta wa mai cafka taimako (wato jifan da ya isa ya fitar da mai gudu), mai tsaro kuskure, shi kuma mai gudu a rubuta an kama shi yana sata, alhali yana tsaye a zangon. A ganina adalci ne, domin da an riƙe ƙwallon da ya fita.

Sabon_Shiga: Na gode. To in ba a ma yi jifan ba fa?

Mai_Alƙalami: Rashin jifa kaɗai ba ya hana sata. Duba yanayin: zagaye na 9 (na ƙarshe a wasa), masu tsaro suna gaba da maki da yawa, mai tsaron zango na ɗaya bai tsare mai gudu ba, babu wanda ya matsa ya rufe na biyu. Wannan halin ko-in-kula ne, zaɓin masu tsaro ake rubutawa, wato su suka bar shi ya wuce, ba sata ba. Haka nan in mutum biyu suka tashi sata tare aka fitar da ɗaya, ɗayan ma ba shi da sata. Wanda kuma santsi ya ja shi ya wuce zango aka taɓa shi, ba a rubuta masa.