Wace kalma za mu ba "variable" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyar da rubuta manhaja. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato "variable", sunan nan irin su x da ake ba wani adadi ko bayani a cikin manhaja. Tun a darasin farko ɗalibi ke cin karo da ita, amma har yau kowa da sunan da yake kiranta.

Mafi yawa suna cewa "mai canzawa". Ban gamsu da ita ba. A yaren rubuta manhaja na Haskell, wanda ya fito a 1990, in ka ce x ita ce 5, magana ta ƙare, ba mai sauya ta. A Rust ma duk abin da ka ayyana da let a kulle yake, sai in ka ƙara masa mut. To yaya za ka ce wa ɗalibi ga mai canzawa, amma fa ba ta canzawa?

Sai "mazubi". Ita na daɗe ina amfani da ita, kuma tana da hujja. A yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a 1972, in ka rubuta int x, kwamfuta za ta ware wani gurbi a ma'adanarta, galibi bayit 4 (bayit ma'aunin girman gurbi ne), ta zuba adadin a ciki. Mazubi ne sak.

A Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, nan mazubi ya kasa. Ku gwada wannan:

a = [1, 2]
b = a
b.append(3)

Layin ƙarshe yana ƙara 3 a jerin da ake kira b. Yanzu ku sa kwamfuta ta nuna a. Za ku ga [1, 2, 3], alhali ba ku taɓa a ba. Ɗalibin da aka koya wa mazubi zai rantse an yi kuskure, domin a ganinsa mazubi biyu ne, kowanne da kayansa. Gaskiyar ita ce jerin ɗaya ne tal, sunaye biyu aka rataya masa. Ka kira shi a, ka kira shi b, shi ɗin dai zai amsa. Na ga ɗalibai masu hazaƙa sun yi kwanaki suna neman matsalar da wannan fahimtar ta jawo musu, kuma laifin kalmarmu ne, ba nasu ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar "laƙabi", jam'i "laƙubba". Abu ɗaya na iya samun laƙabi biyu ko uku. Ana iya cire laƙabi daga kan wani abu a mayar wa wani. Ana kuma iya barinsa a wuri ɗaya har abada, kamar a Haskell, ba tare da kalmar ta yi ƙarya ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tana zuwa da aikatau nata: laƙaba. Layin x = x + 1 yana ɗaure wa sabon ɗalibi kai, don a lissafi ba yadda za a yi adadi ya yi daidai da kansa da ƙarin ɗaya. Amma karanta shi haka: ɗauki abin da ake wa laƙabi da x, ƙara masa 1, sai ka laƙaba wa sakamakon x. Alamar = ta zama "laƙaba", alamar == kuma ta riƙe "daidai da".

Wani malami ya ce mini ai a C kalmar ba za ta zauna ba. Ina ganin za ta zauna, Malam. A can ma x ba ita ce gurbin ba, sunan gurbin ce. Sai mu bar "mazubi" ga wurin da ke cikin ma'adana, "laƙabi" ga sunan da muke kiransa da shi. Wanda aka kulle da const, kalmar da ke hana sauya shi, kuma mu ce "kafaffen laƙabi".

Masu aji a hannu, don Allah ku gwada ta da misalin jerin nan na sama, ku faɗa mana abin da ɗalibai suka ce a za ta nuna kafin kwamfuta ta nuna musu.