Haɓon yarona ya ƙi tsayawa, an ce ƙari ne na jijiyoyin jini

Maman Abba:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san wannan ciwo ya yi mini bayani, kaina ya ɗaure. Ɗan fari ne, amma yau na ajiye alkunya a gefe. Shekarunsa 15, tun bazarar bara yake haɓo, kullum ta hancin hagu. Da farko zafin rana muka ɗora wa laifi, mu zuba masa ruwan randa a ka, kakarsa ta jiƙa jar ƙasa ta ba shi ya shaƙa. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, haɓo bai fasa ba. Hancin ya toshe, da baki yake numfashi, minsharinsa har tsakar gida. Wata asuba na je tashinsa salla na tarar matashin kansa ya jiƙe sharkaf, yana miƙewa jiri ya kwashe shi. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu.

Likitan hanci ya zura masa 'yar kyamara, ya tura mu hoton CT, ya ce ƙari ne can bayan hanci, wai shi anjiyofaiburoma. Ya ce ba zai tsinki komai a kai gwaji ba, aiki za a yi kai tsaye. Wan babansa yana ta faɗa, wai ina aka taɓa yanka mutum ba a gwada ba. Kakarsa kuma ta dage a kira wanzami. Ni tambayata ɗaya ce: daji ne ake ɓoye mini?

Likitan Kunne da Hanci:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Idan shi ne abin da hoton ya nuna, ba daji ba ne, ba ya bin jini ya tafi huhu ko hanta. Ƙari ne da ba a cika gani ba, kuma kusan duk masu shi yara maza ne a shekarun balaga. Illarsa biyu. Yana girma a inda yake, yana tura ƙashi, in an yi sakaci ya doshi ido ko gindin ƙwaƙwalwa. Sannan cike yake da ƙananan jijiyoyin jini waɗanda ba sa iya tsukewa idan an yanke su. Shi ya sa abokin aikina ya ƙi tsinkarsa, kuma daidai ya yi. Bayan an ciro shi gaba ɗaya za a kai gwaji. Ki roƙi Baba, wato kakarsa, ta bar zancen wanzami, in aska ta taɓa wurin nan jini ba zai tsaya a gida ba.

Ki tambaye su ko za a toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, yana rage zubar jini sosai. Ku tanadi masu ba da jini tun yanzu. Kada a ba shi asfirin. In haɓo ya zo ya zauna ya sunkuya gaba, a matse hancin minti 10, in bai tsaya ba ku wuce asibiti ko da tsakar dare ne.

Ɗan Zariya:
Umma, ni ganau ne. Ina aji biyu na babbar sakandare aka yi mini, ta cikin hanci aka bi, ko tabo babu a fuskata. Abin da ya fi ba ni wahala audugar da aka cusa mini a hanci, kwana biyu maƙogwarona kamar busasshen ƙirgi. Ranar da aka zare ta na ji ƙamshin miyar kukar da aka kawo wa na kusa da gadona, sai da na yi hawaye. Amma kada ku daina komawa asibiti don ya warke, ƙarin yakan dawo in ɗan guntu ya saura. Ni na yi shekaru ana duba ni da kyamarar nan.

Maman Abba:
Na gode likita, Allah ya saka da alheri. Ɗan Zariya, na karanta wa Abba naka har sau biyu, shi ya ce in tambaye ka ko bayan aikin ka ci gaba da buga ƙwallo. Babansa ya kai wa wansa wayar ya karanta da kansa. Ƙannena uku sun ce za su je a gwada jininsu ranar Litinin. Saura Baba, ita da kaina zan je mata da daddare.