Neman kalma: me za mu kira "motorhome" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani bayani kan yadda wasu Amurkawa ke canza wa tsofaffin motocinsu inji da kansu a ƙofar gida, sai na cije a kalma ɗaya: motorhome. Mota ce da aka gina wa ɗaki a jiki, da gado da madafi da banɗaki, direba ya tashi daga sitiyari ya taka zuwa shimfiɗarsa bai sauka ƙasa ba. Wadda ake magana a kanta ƙirar GMC ce, irin waɗanda aka ƙera daga 1973 zuwa 1978. Na rubuta "motar gida", amma raina bai kwanta ba.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta ba, ƙanena. Motar gida ai ita ce wadda ba ta haya ba, ta kai yara makaranta da zuwa biki. In kuma ka juya ka ce "gidan mota", gareji mutum zai hango.

Ɗan Agadas: Mu nan camping-car muke ji, daga Faransanci. Ina yaro, lokacin da Turawa ke ratso Sahara ta garin Tamanrasset na Aljeriya su sauka garinmu, mukan leƙa tagar motocinsu mu ga labule da risho. "Mota mai ɗaki" muke cewa.

Yaya Babba: Ta yi daɗin faɗa, sai dai direban tirela ma yana da ɗan ɗakin kwana a bayan kujerarsa. Ni ga tawa: motar tafi-da-gidanka. Mun ara wa waya wannan suna, mun ara wa kotu, alhali babu wadda ke ɗauke da gida a cikinsu. Ga mai abin ta zo, kamar kunkuru da ƙoƙonsa. Kuma tana raba gardama da ɗakin nan marar inji da wata mota ke ja a baya: wannan sai a ce tirelar tafi-da-gidanka.

Oga Bakanike: Malam, sunan ya yi, amma ka sani a gareji ba mai tsayawa ya ja shi duka, "tafi-da-gida" za mu riƙa cewa. Ni damuwata wajen injin take. Ita GMC ɗin nan injinta na Oldsmobile Toronado ne, silinda 8, yawancinsu lita 7.5, kuma tayoyin gaba yake ja. Ba bonet ne za ka ɗaga ka ga komai a fili ba. Murfin yana cikin ɗakin, tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba, kamar yadda muke ɗaga kujerar tsohuwar Hiace mu duba inji. Masu cire injin ta sama sukan kafa dogon ƙarfe a cikin ɗakin, su rataya sarƙa, su ɗago shi, su gangaro da shi har ƙofar gefe. Ƙarfen da ya haura kilo 250 yana lilo a gefen madafi, baƙin mai na ɗiga kan kafet! Shi ya sa kafin a taɓa noti ake shimfiɗa kwali, a ɗaura wa kowace waya da kowane tiyo alama, don ranar mayarwa ba a tuna komai.

Mai Fassara: Oga, Allah ya ƙara basira. To, ga ta biyu. Suna cewa engine swap. Na sa "sauke inji".

Oga Bakanike: A'a, kada ka haɗa. Sauke inji shi ne ya buga, a fito da shi a buɗe, a sa zobba da metal (ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu) sababbi, a mayar da shi ɗin dai. Canjin inji kuwa a ɗauko wani irinsa, ko ɗan Kwatano ne, a ɗora. Waɗannan biyun muna da su tuntuni. Wanda ba mu raɗa wa suna ba shi ne a sa injin wani kamfani daban, kamar yadda masu Volkswagen Vanagon ke cire nasu mai yawan yoyon ruwa su sa na Subaru. Yana shiga ne don dukansu silinda 4 ne a kwance, biyu na kallon hagu biyu dama, amma duk da haka sai an sa farantin da zai haɗa shi da giya, an sake jan wayoyi.

Yaya Babba: Wannan ai dashe ne. Yadda ake dashen ƙoda, a ɗauko ta wani jiki a lallaɓa har ta karɓa. Dashen inji.

Ɗan Agadas: Na yarda da dashen inji. Amma ni dai "mota mai ɗaki" ba za ta bar bakina ba, ku yi haƙuri.

Mai Fassara: Ba laifi, Ɗan Agadas, riƙe abarka. A rubutun zan sa motar tafi-da-gidanka a farko, daga nan in riƙa gajarta ta yadda Oga ya ce. Mutumin da nake fassara labarinsa irin injinsa ya samo ya ɗora, don haka canjin inji ya yi, ba dashe ba. Saura murfin nan na tsakiyar ɗaki: a wasu motocin doghouse suke kiransa, wato ɗakin kare. Wannan kam ba zan rubuta shi a motar da ake salla a ciki ba. Oga, "murfin ciki" ya isa?

Oga Bakanike: Ya isa. Ka ƙara "na inji" kawai, kada wani ya je ya buɗe tukunya.