Abin da na tsinta daga hirarmu kan ɗakin MRI

Abin da aka fi nanatawa shi ne maganaɗisun injin MRI, wato injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, ba ya kashewa, ko NEPA ta ɗauke wuta ko tsakar dare ne yana nan da ƙarfinsa, kuma ƙarfin yawancin injinan Tesla 1.5 ne ko 3 (Tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Wai har wasu nas-nas suna zaton kamar eksire ne, in ba a danna ba shikenan. Ina! A 2001 a New York maganaɗisun ya fizgo silindar oksijin ta bugi yaro ɗan shekara 6 yana kwance cikin injin, ya rasu bayan kwana biyu. Don haka keken marasa lafiya, almakashi, makulli, waya, fil ɗin hijabi duk a bar su waje, kuma in za a ba ma'aikata horo kan wannan a haɗa da masu shara da masu tura gado domin su ake mantawa da su.

Majiyyaci kuwa a tambaye shi da kyau, akwai na'urar bugun zuciya? An taɓa sa masa ƙarfe a tiyata? Masu walda musamman, ɓurɓushin ƙarfe a ido ba wasa ba ne. Kafin allurar gadolinium, maganin da ke sa hoton ya fito sosai, a duba ƙoda, a tambayi mace ko tana da ciki. A toshe masa kunne ma, ƙarar injin ta yi yawa wallahi.