Don Allah yaya ake sarrafa tayoyin baya a Monster Truck Championship?

Dan_Kurna:
Salam 'yan uwa, masu buga Monster Truck Championship a PS4 ku taimaka min don Allah. Analog (ɗan sandan da ake turawa da yatsa a hannun gem) na hagu shi ke juya tayoyin gaba wannan ba matsala, amma na dama mai juya na baya ya hana ni sakat, da na taɓa shi a kwana sai gindin motar ya ƙwace ta hau katantanwa ko ma ta kife gaba ɗaya kafin in tashi duk an wuce ni. Wai dole ne sai da shi ko in share shi kawai?

Baban_Hanif:
Wa alaikumus salam. Kar ka share shi malam, ai shi ne gem ɗin gaba ɗaya, kuma ba masu gem suka ƙirƙiro ba, haka motocin suke a Amurka. Irin su motar nan Grave Digger tsayin tayarsu inci 66 ne, nauyi ya haura tan biyar, inji wajen ƙarfin doki 1,500, to ka ga wannan ƙatuwar ba yadda za a yi ta sha kwana a cikin filin wasa da tayoyin gaba kaɗai. Direba hannu ɗaya na kan sitiyari ɗayan na kan wani ɗan makunni, in ya tura shi tayoyin baya su karkata, in ya saki su koma tsakiya da kansu.

To kai ma haka za ka yi, taɓawa ake a saki, ba a danne shi. Ka sassauta totur tun kafin kwanar, ka karya gaba tukuna sannan ka ɗan taɓa na baya, da ka ga hancin motar ya kalli inda za ka sai ka saki ka ba ta wuta. Kifewar nan daga haɗa cikakken totur da cikakken analog take zuwa, motar tana da tsayi sosai, nauyinta ne yake rinjayarta gefe.

Yarima_227:
Ni fa a tsere ba na taɓa shi sai a kwana mai tsanani irin wadda za ka juyo baya, sauran birki ya ishe ni. A wasan nuna gwaninta ne yake da amfani wajen tara maki.

Baban_Hanif:
Yarima birkin nan shi ke cinye maka lokaci wallahi, wanda ya iya na baya zai shige ta cikin kwanar kana can kana zagaye.

Ummi_Gem:
Dan Kurna ka fara tsayar da motar wuri ɗaya ka tura analog ɗin ka kalli inda tayoyin suka fuskanta. In na gaba da na baya suka saɓa, kwana za ta matse, nan ne katantanwa take fitowa. In suka kalli gefe ɗaya motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa, yana da amfani in kana son daidaita ta da tudun tsalle ba tare da ka juya hancinta ba. Sannan ka duba hannun gem ɗin naka, in analog na dama ya gaji ba ya komawa tsakiya sosai tayoyin baya za su zauna a karkace ko a miƙaƙƙiyar hanya. In ka saba a nan, gem ɗin Monster Jam Showdown na 2024 ba zai ba ka wahala ba, shi ma analog biyun ne.

Dan_Kurna:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hannun ya kwana biyu gaskiya, zan ari na ƙanina in gwada da daddare. Baban Hanif a yashi ma haka ake taɓawa ko sai an ƙara sassautawa?